Gadon da Aka Yi wa Gwangwala

Garin nan gari ne na gajerun ƙofofi. Tun zamanin da masaƙa take aiki aka gina wa ma'aikata gidaje layi-layi, kuma duk wanda ya zana su, da alama bai taɓa zaton za a haifi mutumin da ya kai ƙafa shida ba. Masaƙar ta daɗe da rufewa, amma ta bar wa garin gidajen nan, ta kuma bar masa ƙungiyar ƙwallon kwando da ma'aikata suka kafa don su riƙa motsa jini bayan an tashi. Ƙungiya ta yi ta girma har ta shiga babbar gasa, ana biyan 'yan wasanta albashi, ana nuna su a talabijin. Duk da haka ba ta zama ta wani attajiri ba. Kujeru bakwai ke tafiyar da ita, kowace ta wata sana'a: mahauta, direbobi, teloli, masu gidan burodi, ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, da kafintoci. Ba sa jefa ƙuri'a. Magana suke yi har sai kowa ya yarda, ko kuma kowa ya gaji, wanda a wurinsu duk ɗaya ne.

Ba a kai ɗan wasa otal a garin. Gida ake ba shi, a hannun wata uwa ko wani uba, ya ci abin da aka ci, ya sha faɗa idan ya dawo a makare. Shi ya sa in kana tafiya a layin masaƙa za ka ga wasu ƙofofi an naɗe samansu da tsohon soso. Duk inda ka ga haka, akwai dogo a ciki, kuma ya riga ya sha karo sau biyu ko uku.

Wanda ke kan kujerar kafintoci wani dattijo ne mai shekara saba'in da ɗaya, kowa Kafinta yake ce masa, in ban da yayarsa, wadda har gobe Auta take kiransa. Shi ke yi wa 'yan wasa gado. A bangon shagonsa akwai zane-zanen fensir tun daga kafaɗarsa har kusa da rufi, kowane zane tsawon wani ne da ya taɓa aunawa. Yana da wani tunani da ya daɗe yana juya shi a ransa: wai mafarki daga tafin ƙafa yake tasowa, don haka na dogon mutum yakan daɗe a hanya kafin ya iso kai, ya iso ya huce. Da wannan yake fassara sanyin halin dogaye. Ya taɓa gaya wa likita, likita ya ce zai duba littafi.

Ga yadda tsarin yake. Ɗan wasan da ya zo gwaji, gadon gidan da aka sauke shi zai hau, a kara masa benci a wajen ƙafa. Ranar da kwamiti ya amince a riƙe shi, ba a sanarwa a rediyo, ba a manna takarda. Kafinta kawai ake aika da tef ɗin awo. Bayan kwana uku sai a ga dogon gado a kan amalanke ana tura shi ta babban titi, to gari ya sani. Gadaje sittin da ɗaya Kafinta ya yi a shekara talatin da huɗu, kuma ba a taɓa sallamar mai gado ba sai ya gama kakar wasa.

A wannan shekarar aka kawo wani yaro gwaji, ƙafa bakwai da inci ɗaya, siriri kamar an ja shi ta ramin allura. Tun a tasha direbobi suka sa masa Gwangwala, sunan kuma ya zauna. A gidan Yaya aka sauke shi, yayar Kafinta, wadda ta yi shekara ashirin tana kula da injin zare a masaƙa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a garuruwa. Cikin mako guda Gwangwala ya sauko mata da abubuwan da suka ɓata a saman kabad tun tana da ƙarfin hawa kujera: wani almakashi, da hoton aurenta, da kwalbar magani da ta nema har ta zargi maƙwabciya. Yana canja mata ƙwan lantarki yana tsaye a ƙasa. Inna yake ce mata, Kafinta kuma Kawu. Yaya ta koma dafa tukunya babba, ta koma yin waƙa a wajen wanke-wanke, abin da Kafinta ya manta tana yi.

A fili kuwa abin bai yi daɗi ba. Makonni biyun farko yaron ya yi wasa kamar kwandon na gidansu ne. Daga nan sai gwiwarsa ta dama ta fara kumbura, gudu ya ragu, tsalle ya ragu, ya zama in ƙwallo ta dawo daga allon kwando gajeru ma suna riga shi. Gwajinsa zai ƙare ranar Asabar, kuma maganar da ke yawo a gari ita ce ba za a riƙe shi ba.

Ranar Litinin da hantsi Manaja ta shigo shago. Watanta uku ke nan a garin. Hukumar gasa ce ta ce dole kowace ƙungiya ta ɗauki manaja mai takardar shaida, kwamiti ya yi kwana tara yana magana kafin ya ɗauke ta. Matashiya ce mai ladabi, kullum da kwamfuta a hammata, ta san yawan takun da kowane ɗan wasa ya yi a kowane wasa. Ta gaishe shi, ta kauce wa tarin garin katako, ta ce, "Baba, aiki na kawo. Likita ya ce kwanciyar yaron nan na gidan Inna ba ta yi wa gwiwarsa daɗi. Ina so a yi masa gado."

Kafinta ya ajiye zarto a hankali. "Gado kika ce?"

"Gado, Baba."

"Dogo?"

"Daidai tsawonsa."

"Hedimasta ta sani?" Hedimasta ita ce kan kujerar malamai, kuma ita ke jagorantar zama.

Manaja ta yi murmushi. "Haba Baba, sai an tara mutum bakwai a kan gado? Ko kwana biyu ya rage masa, ba na so ya bar mu da gwiwa a kumbure. In ya tafi, wanda ya zo bayansa ya hau."

A nan Kafinta ya gane ba ta sani ba. Ba wanda ya gaya mata, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai rai da bai sani ba. Ya buɗe baki zai yi bayani. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗaga masa hannu alamar haƙuri, ta fita tana magana. Ta yi kusan minti biyu a bakin ƙofa, lokacin da ya isa mutum ya tashi ya tare ta sau uku. Kafinta yana zaune yana kallon wasu katakai biyu da ya ɓoye a bayan shago tun bara, dogaye, miƙaƙƙu, ba ƙulli ko ɗaya a jikinsu. Ya tuna waƙar Yaya a wajen wanke-wanke. Da Manaja ta leƙo ta ce, "To Baba, sai na ji ka," abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Laraba in Allah ya so."

Bai taɓa yin gado da jin daɗi da faɗuwar gaba a haɗe kamar wannan ba. Ya je ya auna yaron da rana tsaka, lokacin da layin ba kowa. Ya yanka, ya fere, ya goge da sanfefa har katako ya yi santsi kamar kumatun jariri. Ya ƙara wa gadon ƙafafu biyu a tsakiya don kada ya lanƙwashe. Yana aiki yana gaya wa kansa cewa ai umarni aka ba shi, shi ɗan aike ne. Yana kuma jin wata murya tana ce masa, ɗan aiken da ya san abin da ke cikin wasiƙa ba ɗan aike ba ne.

Ranar Laraba akwai hanya biyu a gabansa. Zai iya kai gadon a warware, a lulluɓe da buhu, ta lungun baya, ya haɗa shi a cikin ɗaki. Ya ma ɗauko buhun. Sai ya tsaya ya dubi gadon, ya ga ai zunubi ne a lulluɓe irin wannan aiki. Ya haɗa shi tsaf, ya ɗora a amalanke, ya bi babban titi.

Mahauci ne ya fara gani, ƙaton mutum mai murya kamar ganga, wanda ke kan kujerar mahauta. Ya fito da wuƙa a hannu yana ihu, "Gado ya fita! Kai tsohon banza, yaushe muka zauna ban sani ba? Ko barci na yi a taron?"

"Kullum ma barci kake yi," in ji Kafinta, bai tsaya ba.

"To ko a barci na yarda, na yarda! Yaron yana da hannu!"

Direbobin bas suka kama danna hon. Mai gidan burodi ya aiko da burodi biyu manya aka ɗora a kan gadon. Tela ya rufe shago ya biyo baya yana cewa rigar yaron tana nan ya riga ya yanka, lamba kawai ya rage. Kowane ɗan kwamiti ya ɗauka sauran shida sun zauna ba shi, kuma kowa ya ji kunyar tambaya. Da aka iso gidan, sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin gado ya shiga. Yaya ta zauna a bakinsa tana shafa katakon tana share ido da gefen mayafi. Gwangwala ya tsaya a tsakar gida, inda ya fi samun sararin miƙewa, ya kira mahaifiyarsa a waya. Kafinta ya ji shi yana cewa, "Mama, sun riƙe ni. Wallahi. Ga gadon nan ina kallonsa." A nan ne Kafinta ya ajiye burodin da yake ci.

Washegari bayan azahar Hedimasta ta kira zama a tsohon ɗakin cin abinci na masaƙa, wanda ke manne da zauren wasa. Ana jiyo ƙarar ƙwallo da kukan takalma ta bango. Hedimasta ƙaramar tsohuwa ce, rabin mutanen da ke ɗakin ta taɓa sa su durƙuso. Ta cire tabarau ta ce, "Ina so in san wanda ya fitar da gado."

Manaja ta miƙe. Idanunta sun nuna ba ta ji daɗin safiyar ba, don tun daga gida har ofis mutane suke tare ta suna sa mata albarka, ba ta san dalili ba sai da mai gadi ya yi mata bayani. Ta ce, "Ni ce, Mama. Ban san ma'anarsa ba, laifina ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, niyyata ranar Asabar in ba ku shawarar a sallame shi." Ta juyo da kwamfuta ta nuna musu. A wasa shida na baya, maki goma sha ɗaya kacal ya ci. "Gurbi ɗaya ya rage mana. Ba zan iya cike shi saboda katako ba."

"Katako!" in ji Mahauci. "Kun ji? 'Yata, wannan katakon ya girme ki a ƙungiyar nan. Gado ya fita, magana ta ƙare. Ni da bakina na yi shela a kasuwa."

"Wa ya aike ka?" in ji Hedimasta.

"Murna ce ta aike ni."

Direba ya gyara zama ya ce shi dama tun farko ya faɗa, baƙo ko ya zo da takarda cike da akwati, baƙo ne. Wanda bai san garin ba ta yaya zai riƙe ƙungiyar garin? Tela ya gyaɗa kai. Kafinta ya ga inda maganar ta dosa. In aka bar ta ta yi ta gangara, yaron zai zauna, Yaya za ta ci gaba da waƙarta, yarinyar nan kuma za ta ɗauki laifin da ba nata ba, wataƙila har ta tattara kwamfutarta. Abin da kawai ake bukata daga gare shi shi ne ya yi shiru, kuma ya riga ya gwada ranar Litinin ya ga ya iya.

Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Hedimasta, yarinyar nan ba ta sani ba, amma ni na san ba ta sani ba. Ta ma gaya mini yaron zai tafi. Na yi shiru. Ina da buhu, ina da lungu, na bi titi."

 Mahauci ya dube shi baki buɗe. "Kai? Kai da ko ƙusa ka tsinta a titi sai ka yi cigiya?"

"Ni."

"Saboda me?" in ji Hedimasta.

"Saboda Yaya. Da kuma katakon, gaskiya, ya yi kyau da yawa." Ya ciro tef daga aljihu ya ajiye a tebur. "Amma akwai abin da na gani da na je awo, ku ji shi kafin ku yanke mini hukunci. Gadajen gidajen masaƙa ƙafa biyar da rabi ne. Bencin da muke karawa ya fi gado yin ƙasa da inci uku. Duk waɗanda suka zo gwaji a baya, gaɓar da ke tsakanin gado da benci a ƙwaurinsu take faɗawa, ƙwauri kuwa ba ruwansa. Wannan yaron ya fi su tsawo. Na kwantar da shi na gani da idona, gaɓar daidai bayan gwiwarsa take. Wata biyu gwiwar tana rataye a rami kamar guga a bakin rijiya." Ya juya wajen Manaja. "'Yata, lissafinki daidai ne, ban musa ba. Sai dai bencin kika auna, ba yaron ba. Bencin kuma namu ne."

Manaja ta koma ta zauna. Ta sunkuya kan kwamfuta tana dannawa, ta koma baya, ta sake komawa. Can ta ce, a hankali, "Wasa uku na farko, maki hamsin da huɗu." Ta ɗago. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini a kan benci yake kwana tun zuwansa? Na ɗauka katifa ce ta lalace."

"Ai kowa ya sani," in ji Tela.

"Kullum haka kuke cewa!"

Mahauci ya fashe da dariya har tebur yana rawa, daga nan ɗakin ya saki. Aka shiga magana irin tasu. Mahauci ya ce kaka guda cur, haka aka saba. Manaja ta ce ba za ta sa hannu a kaka guda a kan gwiwar da ba ta ga ta warke ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce mako shida ya isa a gani. Direba ya ba da labarin wani ɗan wasa da aka yi shekara ashirin da suka wuce, labarin da ba shi da alaƙa da komai, aka bar shi ya gama don haka ake yi. Aka kawo shayi, ya huce, aka sake kawo wani. Da rana ta yi sanyi Hedimasta ta mayar da tabaraunta ta ce, "Gadon da ya fita ba da yawun kwamiti ba, rabin gado ne. Rabin kaka. In gwiwa ta warke, mu cika masa. Akwai mai magana?"

"Akwai," in ji Manaja. "Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Daga yau ba sauran benci. Duk wanda ya zo gwaji, a ba shi dogon gado tun daren farko."

Kowa ya juya ya dubi Kafinta. Ya fahimci abin da ake nufi. In kowane baƙo yana da gado, to gado ya zama gado kawai. Ba wanda zai sake fitowa da wuƙa a hannu yana ihu, ba hon, ba burodi. Shekara talatin da huɗu shi ne bakin ƙungiya, yanzu zai koma mai zarto kamar kowane mai zarto. Ya ɗan shafa tef ɗinsa da babban yatsa. Ya ce, "Gwiwa ta fi shela. Na yarda."

"Saura hukuncinka," in ji Hedimasta. "Kai za ka je ka gaya wa yaron da yayarka gaskiya, da bakinka, yanzu."

"Ba za a iya mayar da shi durƙuso ba?"

"Tashi."

Ya same su a tsakar gida, Yaya tana tsince shinkafa a tire, Gwangwala yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu har bakin famfo, da ƙunshin ƙanƙara a gwiwa. Kafinta ya tsaya daga nesa kaɗan, inda tire ba zai iso ba, ya faɗi komai tun daga Litinin.

Yaya ta ajiye tiren. "Auta. Wato kukan da na yi jiya a gaban mutane, kukan banza ka sa ni?"

"Rabinsa ne na banza, Yaya."

"Rufe mini baki! Tun kana yaro haka kake, a aike ka sayen gishiri ka dawo da ɗan tsuntsu. Shekara saba'in ba ka yi hankali ba." Ta ɗauki tiren, ta sake ajiyewa. "Rabin kaka wata nawa ne?"

"Huɗu."

"To. Huɗu ba yau ba ne."

Gwangwala ya riƙa juya ƙanƙarar a kan gwiwa. Kafinta ya fi jin tsoron abin da zai ce a kan faɗan Yaya. Can yaron ya ce, "Kawu, yau da na tashi na taka ƙasa, sai da na kai bakin ƙofa na tuna ina da gwiwa. Rabona da haka tun makon da na zo." Ya ɗan yi murmushi. "Wata huɗu ya ishe ni. Abin da ban sani ba shi ne me zan gaya wa Mama. Ta riga ta gaya wa duk unguwarmu."

"Ka gaya mata rabi ya samu," in ji Yaya, "ɗaya rabin yana gwiwarka. Kai kuma Auta, tun da ka zo, zauna ka ci abinci, amma kada ka yi mini magana."

Kafinta ya jawo kujera ya zauna, bai yi magana ba. Yana ta lissafi a ransa: mutum uku ake sa ran za su zo gwaji wata mai kamawa, dogayen katakai shida ke nan, kuma ya san wani mai katako a bayan tasha da yake ɓoye masu kyau a ƙarƙashin marasa kyau. Gobe da sassafe zai je, kafin mutumin ya gama shan shayi ya tuna da wayonsa.